Asubar Hunturu a Tuddan Kumagannam

A ƙasarmu ba a saba mutum ya bar ɗumin ɗaki da asubar hunturu don yawo kawai ba. Duk wanda ka hango ya nufi tudu bayan an idar da salla, to da dalilinsa: ko akuya ce ba ta kwana gida ba, ko zai gangara kwari ban ruwa tun iska ba ta tashi ba, ko kuwa yana so ya riga rana isa wurin kanwa. Kumagannam, garinmu, tana Ƙaramar Hukumar Yusufari a Jihar Yobe, cikin ƙasar Mangawa, arewa da kogin da ya bi ta Gashuwa, ba nisa da iyakar Nijar. Dutse babu shi a nan, sai ka nausa yamma can Machina. Namu tsaunukan na rairayi ne, wannan na bin wannan, a tsakaninsu kuma kwaruruka masu goruba da dabino, inda ruwa yake kusa, har a wasu wuraren ya fito fili ya kwanta.

Sanyin Disamba da Janairu a nan ɗari ne, busasshe. Iskar takan fito daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Bodele, wani tsohon gindin tafki da ya ƙafe a arewacin Chadi. Masana sun bi wannan ƙura har ƙetaren Tekun Atlantika, inda wani kaso nata yake sauka a dajin Amazon. Mu dai abin da muka sani shi ne takan dushe rana, ta tsaga leɓe, ta buɗe faso a dunduniya har mutum ya riƙa ɗingishi. Da asuba ma'auni yakan sauka kusa da digiri 10. Mutanen ƙasashen dusar ƙanƙara ba za su ɗauki wannan a bakin komai ba, amma wanda ya kwana a ɗakin zana da gwado ɗaya ya san nauyinsa. Tun kafin ladan ya kira assalatu almajirai sun hura wutar kara a tsangaya, suna karatu suna miƙa mata tafin hannu. Ka wuce dattijo a ƙofar masallaci ka ce, "Baba, ina kwana, yaya ɗari?" Ya amsa ta cikin rawani, "Lokacinsa ne, ɗana."

Wanda ya koya mini tafiyar asuba kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, Allah Ya jiƙansa. Manomin gero ne da guna, yana kuma da garken awaki da ba sa rasa mai ɓacewa. A wurinsa na gane cewa wannan lokaci yana da wata baiwa da sauran yini ba shi da ita. Iskar yini takan share rairayi tas, da dare ta lafa, duk abin da ya motsa kuma sai ya bar shaida. Daga ketowar alfijir zuwa hantsi kaɗai ake iya karanta wannan shaida. Da zarar iska ta sake tashi, shi ke nan.

Ba ya barin ka wuce sawu da gaggawa. "Kai yaro, kada ka taka. Tsuguna ka duba. Akuyar nan gudu take ko kiwo?" In na ga kofato kusa-kusa, yana karkata daga wannan gindin ciyawa zuwa wancan, sai in ce, "Kiwo take, Kawu." Ya ce, "To kwantar da hankalinka, dila bai gan ta ba." Haka na san ɗige-ɗigen buzuzu, layi biyu reras, da jan wutsiyar gafiya tsakanin ƙafafunta, da tsallen zomo, da 'yan ƙananan dagin yanyawa da suke ƙarewa a bakin rami. Zabin daji in sun wuce sai su dagula wuri gaba ɗaya. Barewa kuwa ba kullum ba ce, ranar da muka ci karo da siririn kofatonta Kawu yakan daɗe a tsaye, ya ce a ƙuruciyarsa garke-garke suke gani, har jimina ya taɓa hangowa wajen iyaka. Yana duba tafin raƙumi ya gaya maka da kaya yake ko babu. Yana duba sawun mace ya ce tulu ne a kanta, don dunduniya ta nutse fiye da yatsu. Jakunan garin duk ya san su ta ƙafa, ya san kuma wanda ya kai nasa gonar da ba tasa ba.

Duk waɗannan sawaye a 'yan filaye muke ganinsu, tsakanin ciyawa. Wannan shi ne abin da yaran yau suke jin wuyar gaskatawa. Tuddan da na hau ina yaro a lulluɓe suke. Da hunturu ciyawar ta bushe ta yi ruwan zuma, burburwa da ƙarangiya, gamba a gangare inda danshi yake daɗewa, ga aduwa da dakwara da magariya jefi-jefi, ga tumfafiya a tsofaffin gonaki. Ƙarangiya ita ce azabarmu. Ta kama wando, ta shige tsakanin yatsu, ka zauna cire ta da hannun da sanyi ya sandarar. Ban taɓa zaton zan yi kewarta ba, ga shi kuwa ina yi, domin saiwarta da tata irin su suka riƙe tudu wuri ɗaya.

In ka kai ƙololuwa daidai fitowar rana, za ka iya kallonta ido da ido, fara sol a cikin hazo, ba ta da zafi. Can ƙasa kawunan goruba sun fito daga cikin buda, hayaƙin bukkokin masu lambu ya kwanta a kwari bai tashi sama ba, kana jin kukan jigo ana ɗaga ruwa. Gefen tafki ya yi fari fat da kanwa. Masu kwasarta suna ciki tun duhu, ƙafa tsirara a ruwan da yake cin fata, suna tarawa tsibi-tsibi. Daga nan raƙuma da jakuna da takarkarai suke ɗauka zuwa kasuwa, mafi yawa kuma Nguru take ƙarewa, inda layin dogo daga Kano ya iso a 1930. Gyaɗa, fatu, ƙaro, kanwa, busasshen nama, shanu a tsaye, a wancan zamani duk ta wannan tasha suke bi su yi kudu. Miyar da aka dafa a Ibadan ko Inugu, mai yiwuwa da kanwar kwarinmu aka yi ta.

Sai fari ya zo. Na 1972 da 1973 ya same ni ina ƙarami, na 1983 da 1984 kuwa da wayona sarai, ga shi ya haɗu da ciwon bushiya da ya karkashe shanu a 1983. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Ciyawa ba ta fito ba balle ta zubar da iri. Makiyaya suka hau itatuwa da gatari suna sassaro reshe don dabba ta kai gobe, ba kuwa mai hankalin da zai zarge su. Dabbobin da suka rage duk suka taru a bakin 'yan rijiyoyin da ba su ƙafe ba, suka tattake ƙasa ta zama gari. Mutane suka watsu Gashuwa da Nguru da Kano, wasu har yau ba su dawo ba. A waɗannan shekaru ne Tafkin Chadi, wanda ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya janye har ya koma bai kai kashi ɗaya cikin goma na haka ba. A kan tuddanmu kuwa abin ya fara ne da ɗan sanƙo a ƙololuwa, wurin da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Iska ta samu baki, ta riƙa ƙwaƙulewa, tana tone saiwar ciyawar gefe, tana watsa rairayin a kan ta gaba ta binne ta. Hunturu biyar, hunturu goma, tudun da kakanninmu suka sani a zaune ya tashi tafiya.

Yanzu a Gashuwa nake zaune, amma in na je gida da hunturu ba na barin tafiyar asuba. Ɗarin yana nan yadda na san shi, hazon ma haka. Ƙarƙashin ƙafa ne ya sake. Yaran yanzu suna da wani ilimi da mu ba mu buƙace shi ba: sun san ta gefen arewa maso gabas ake hawa, inda iska ta danne rairayi ya yi ƙarfi, ɗaya gefen kuwa sako-sako ne, ka taka ka nutse har ƙauri, ya zubo da kai. Wannan gefe mai zubowa shi ne bakin tudu, shi yake cin abin da ke gabansa. Na tsaya a kansa na leƙa na ga gorubar da muke jifa muna yara ta nutse har wuya, ganyenta kaɗai ke waje. Na ga rijiyar lambu da aka bari. A wasu ƙauyuka aikin farko na magidanci bayan salla shi ne ya ɗauki shebur ya kwashe rairayin da ya kwanta a bayan danga da dare. Sawu kuwa ya fi da fitowa, tunda fili ya yi yawa, sai dai masu barinsa sun ragu. Buzuzu yana nan, gafiya tana nan. Sauran tayar babur ce da ta amalanke, da leda da iska ta maƙala a ƙaya. Na daɗe ban ga kofaton barewa ba.

Ba zan ce komai na da ya fi na yau ba, don ƙarya ce. Famfon sola ya hutar da mata daga jan guga da hannu mai tsagewa. Mai naƙuda da a da sai a amalanke, yau mota tana kai ta asibiti. Tun 2013 akwai Jami'ar Tarayya a Gashuwa, 'ya'yan masu kwasar kanwa suna cikinta. In akuya ta ɓata, yaro yakan buga waya ƙauyen gaba ya tambaya, sau da yawa kuma a same ta. Ina murna da duk wannan. Abin da yake ci mini rai shi ne, wanda bai iya karanta sawu ba ba ya sunkuyawa ya dubi ƙasa, wanda ba ya duban ƙasa kuwa ba zai lura da sanƙo ba tun yana ƙarami, lokacin da ƙaya ɗauri biyu za ta rufe shi.

A rediyo da bakin manya kullum magana ɗaya ce: hamada tana tahowa daga arewa, tana cin ƙasa kaza a shekara. Maganar ta girmi yawancin masu faɗinta. Wani masanin gandun daji ɗan Birtaniya, E. P. Stebbing, ya zaga wannan yanki da rani, ya rubuta a 1935 cewa Sahara tana mamaye arewacin Najeriya. Hankalin 'yan mulkin mallaka ya tashi, Ingila da Faransa suka haɗa kwamitin masana ya bi iyakar Najeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937, ya dawo ya ce bai ga wata hamada mai gangarowa ba, ya dai ga wuraren da sara da noma da kiwo suka lalata. Bayan shekaru da dama Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi dogon bincike a wannan ƙasa ta Mangawa, har da ƙauyen Kaska, yana gwada hotunan sama na shekaru daban-daban da abin da ya tarar a ƙasa. Abin da ya fito shi ne abin da tsofaffinmu suka gani da idonsu: rairayin da yake tafiya na nan wurin ne. Tuddan tsofaffi ne ƙwarai, iska ce ta tara su a wani zamanin fari dubban shekaru da suka wuce, ruwa ya dawo ciyawa ta rufe su suka kwanta, ƙarancin ruwa da yawan tattaki suka sake tayar da wasunsu.

Ƙasar nan ta sha juyawa. A 1987 wani Bafulatani yana haƙa rijiya kusa da Dufuna, a nan Jihar Yobe, ya ci karo da kwalekwale a binne. Da masanan Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994, aka auna aka tarar ya kai shekara 8,000, tsawonsa ya haura mita 8. Wato akwai lokacin da masu jirgi suke yawo a inda yau ake neman ruwa da igiya. Ko a zamaninmu, ruwan sama ya ɗan farfaɗo tun shekarun 1990, har ambaliyar 2022 ta ci gidaje a Gashuwa. Tuddai da yawa sun sake yin ciyawa da kansu. Waɗanda suka ƙi su ne waɗanda bakinsu ya riga ya buɗe, domin iri ba ya kama ƙasar da take motsi, ga kuma awaki suna jiran duk ɗan tsiron da ya leƙo.

Na dage a kan wannan ne saboda abin da kowace magana take haifarwa a zuciyar mai ji. In aka gaya wa manomi Sahara ce take zuwa, me zai yi da fartanyarsa? Sai ya zauna jiran gwamnati, ko ya ɗaure kaya. In kuwa ya san wannan tudun ne, na gabas da kwarinsu, wanda ya san ranar da ya fara sanƙo, to aiki ya zama na hannu, ana iya auna shi da taki, a raba shi gida-gida.

Kwanakin baya Tulo-Tulo, a nan Yusufari, ta yi suna. Matasa suna zuwa daga Damaturu da Kano da Abuja, su hau raƙumi, su ɗauki hoto a kan jan rairayi, su sa a Facebook. Kwaruruka na Bulatura ma suna cikin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi da aka kafa a 1991. Ba na ƙin zuwansu ko kaɗan. Wurin yana da kyau na gaske, ni ma da na san abin da ke ƙarƙashinsa numfashina yakan ɗauke in rana ta faɗo a kan tudu tsirara. In baƙi za su kawo ciniki ga mai shayi da mai raƙumi da mai dabino, madalla. Roƙona ɗaya ne: mai ɗaukar hoto ya gangara ɗaya gefen, ya gaisa da mai lambun da tudun yake fuskanta, ya tambaye shi dabino nawa ya rasa. Zai samu amsa da lissafi, don kowane an san wanda ya dasa shi.

Yadda ake tsayar da tudu ba asiri ba ne. 'Yan'uwanmu na ƙetaren iyaka, a yankunan Gure da Maine-Soroa, sun daɗe suna yi. Ana kafa shinge na rassa ko na busasshen hannun goruba a gicciye da iska, a ja wasu layukan su ratsa shi, tudu ya zama gida-gida. Iska in ta zo sai ƙarfinta ya karye, ta sauke abin da ta ɗauko a gindin shinge. Da damina a watsa irin ciyawa, a dasa itatuwa masu jure fari, sannan a hana dabba shiga. A Maradi da Damagaram kuwa manoma sun mayar da miliyoyin itatuwa gonakinsu tun daga shekarun 1980 ta hanyar sassaben zamani, wato in kututture ya yi toho ba a sare shi duka, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a raine su. Mu ma an yi ƙoƙari. Shirin raya yankin fari na Arewa maso Gabas, wato NEAZDP, ya fara aiki daga yankin Gashuwa a 1990 da kuɗin Turai, ya haƙa rijiyoyi, ya raba dashe, sai tallafin ya yanke da Tarayyar Turai ta juya wa gwamnatin soja baya a 1995. Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015, Yobe kuma tana cikin jihohi 11 da ya shafa.

Dashe dai mun ga dashe. Na sha ganin an zo da mota cike da 'yan itatuwa a leda, aka yi jawabi, aka dasa, aka tafi, kafin kaka awaki sun gama da su. Abin da yake wuya shi ne tsaro na damina uku a jere, shi kuwa ba ya samuwa sai bulama da lawani da arɗo sun zauna a tabarma ɗaya, an nuna wa makiyayi inda zai bi ya kai ga ruwa, an kuma samu matasan da za a biya su yi gadi da rani maimakon tafiya cirani. Lokacin kafa shinge kuwa hunturu ne. An gama girbi, hannu ya samu sarari, iska kuma tana nuna maka da kanta inda za ka tare ta.

A wani kwari kusa da garinmu wasu 'yan'uwa sun gwada kafa shinge a bakin tudun da yake barazana ga dabinon mahaifinsu. Damina ta farko ƙarangiya ta fito a cikin gidajen shingen, ta biyu burburwa ta biyo ta, bakin tudun ya rage zubowa. Sai wata matsala ta taso da ba su yi tsammani ba. Kayan shingen daga goruba yake fitowa, gorubar da ake son ceta, matan garin kuma da kabarta suke saƙa tabarma da faifai da igiya, da kuɗin suke sayen gishiri da sabulu. Maƙwabta da suka ga aikin ya yi kyau suka shiga sara ba ji ba gani, har ɗanyen ganye. Wata dattijuwa ta je gaban bulama ta ce, "Ranka ya daɗe, in sun tsare rairayi sun kashe kaba, mu da me za mu ci?" Aka yi zama biyu kafin a daidaita: busasshen hannu kaɗai za a cire daga babbar goruba, kabar ƙasa ta mata ce, wanda ya sari ɗanye kuma zai biya tara. Shingen da ake kafawa bana bai kai na bara tsawo ba saboda wannan doka, sun kuma yarda su cike ragowar da ƙayar aduwa da karan gero.